Duba aikin gwamnati kafin a binne shi: abin da sa ido ya koya mini a ƙauyukan Sakkwato

Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kuma babu tawagar sa ido da ke da motoci da man da za ta tsaya a kan kowane aiki kullum. Saboda haka tambayar da nake fara yi wa kaina a kan kowace kwangila ita ce: wace rana ce idan ban je ba, abin da ya kamata in gani zai shige ƙasa ko ya ɓuya bayan filasta? Ƙarfin rijiyar burtsatse yana cikin rami. Ƙarfin aji yana cikin harsashinsa da rodin da aka zuba wa kankare. Wanda ya je ranar buɗe aiki, fenti da allon kwangila kawai zai tarar.

Ba na fita sai da takardu huɗu a hannu: takardar bayar da kwangila, zanen aikin, jadawalin lokaci, da takardar ƙididdigar kaya wadda injiniyoyi ke kira BOQ. Ta ƙarshen nan ita ce ma'auni. A cikinta ne aka rubuta zurfin mita nawa, rodi mai kauri nawa, kwano wane iri, da farashin kowanne. Mai sa ido da ba ya riƙe da ita ɗan kallo ne, duk abin da ɗan kwangila ya faɗa masa shi zai rubuta. Idan aikin na tarayya ne kuma aka yi ta jan ƙafa wajen ba da takardun, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka kai a rubuce.

Akwai kuma ziyarar da ake yawan tsallakewa, wato ta kafin a fara aiki. A ƙauye ɗaya za ka iya samun aikin tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma, na mazaɓar ɗan majalisa, da na ƙungiyar agaji. Idan ba a ɗauki hoton filin tun yana fili ba, da lambobin GPS a jikin hoton, babu abin da zai hana a shafe tsohuwar rijiya da sabon fenti a karɓi kuɗin sabuwa. Sunayen garuruwanmu ma suna taimaka wa wannan ruɗanin: Sabon Gari, Tungar wane, Gidan wane, sai ka same su a ƙananan hukumomi daban-daban. A wannan ziyarar nake rubuta wuraren ɗibar ruwa nawa ke aiki, yara nawa ke aji, jarka nawa ake sayarwa kuma a kan nawa. Da waɗannan alƙaluman za a gwada komai daga baya.

Shiga gari yana da ƙa'idarsa. Ana fara gaida uban ƙasa ko hakimi, a ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu, a nemi ya haɗa mu da wanda ya san wurin. Amma ba a tsayawa a zaure kaɗai. Dole tawaga ta kasance da mace da za ta shiga cikin gidaje, don matan da yaran da suke aika su ne suka san ranar da fanfo ya daina kawowa. Kuma ba na shiga motar ɗan kwangila, ba na bari ya zaɓa mini wurin da zan duba. Ko bai nemi komai ba, mutanen gari da suka ga kun sauko daga mota ɗaya sun gama yanke abin da za su faɗa maka.

Aikin ruwa shi ne na fi daɗewa a kansa, don a nan ne kuɗi ya fi saurin nutsewa ba a gani ba. Ƙasar Sakkwato hawa-hawa ce, yashi da laka da farin dutse irin wanda ake haƙa a Kalambaina, kuma zurfin da ake cim ma ruwa a fadamar Rima daban yake da na kan tudu. Ana biyan haƙa ne da mita, don haka rage mita 20 riba ce tsagwaro ga mai haƙa. Ranar da ta zama tilas a wurina ita ce ranar saka bututu. Ina auna tsawon sandar haƙa guda da tef, in ƙidaya nawa suka fito daga rami, in ninka. Haka nake yi wa bututun kesin, wato waɗanda ke tare bangon rami kada ya rufta, kafin a zura su. Sai in duba samfurin ƙasar da aka jera bisa zurfi, in tabbatar bututu mai tsaga-tsaga, wanda ruwa ke shiga ta cikinsa, ya dace da hawan yashi mai ruwa. In ya faɗa a kan laka, rijiyar za ta riƙa kawo ruwa kaɗan har ta mutu. Tsakuwar da ake zubawa a gefen bututu wajibi ta zama wankakkiya, ƙanana, masu kusan girma ɗaya. Idan aka zuba marmara ko ɓaraguzan da ke kusa, yashi zai riƙa bin ruwa yana cin injin. A saman ramin kuma sai an toshe mitocin farko da siminti, in ba haka ba ruwan kwata da fitsarin dabbobi za su bi gefen bututu su gangara. Masai kuwa ya kasance aƙalla mita 30 daga wurin.

Bayan an wanke rijiya har ruwa ya yi garau, sai gwajin jan ruwa na tsawon awannin da kwangila ta faɗa, galibi awa 24, ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake komowa bayan an kashe inji. Wannan gwajin ne aka fi rubutawa a ofis ba tare da an yi shi ba. Alamarsa ita ce alƙaluma masu santsi da yawa, ko rahoton rijiyoyi uku a garuruwa uku da lambobi iri ɗaya. Abin da nake iya yi da hannuna mai sauƙi ne: jarka mai lita 25 da agogon waya. Idan ta cika cikin daƙiƙa 25, lita ɗaya ke nan a daƙiƙa, lita 3,600 a awa. Rijiya mai sola da ke samun awa 6 na rana mai ƙarfi za ta ba da lita 21,600. A ma'aunin lita 30 ga mutum a yini da ake amfani da shi don karkara, mutum 720 ke nan, ban da shanu da tumaki. Idan takarda ta ce mutum 3,000 za su amfana, to lissafin bai hau ba, kuma haka nake rubutawa. Ana maimaita awon jarkar bayan inji ya yi awa biyu yana ja, don rijiya mai rauni takan fara da ƙarfi sannan ta shiga tari da iska.

Kayan sola ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A leƙa bayan kowane faranti a karanta ƙarfinsa, a ɗauki hoton lambar injin sumo, wato injin jan ruwa da ke zama a cikin rijiyar, kafin a zura shi. Injin da ya fi ƙarfin rijiya ba alheri ba ne: zai zuƙe ruwan ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone, musamman in ba a sa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa ba. Ƙurar hunturu kaɗai tana rage jan ruwa sosai, don haka ina tambaya wa aka ɗora wa goge farantan, da me yake hawa, kuma ko akwai shinge.

A ginin aji ko ɗakin shan magani, ranakun zuwa uku ne. Ta farko kafin a mayar da ƙasa kan harsashi, a auna zurfi da faɗi. Ta biyu kafin a zuba kankare a ginshiƙi da linta, a ƙirga rodi a auna kaurinsa, don mai milimita 10 da mai 12 ido ba ya rarrabe su daga nesa. Ta uku ranar ɗora rufi. A tsakani ina duba bulo: magina na kirki ba sa wuce 30 zuwa 35 na inci 9 daga buhun siminti mai kilo 50, kuma bulon da aka ninka wannan adadi yana marmashewa da ɗan yatsa. Kankare na 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. A bazarar Sakkwato, da zafi ke haura digiri 40, kankaren da aka zuba da safe aka tafi aka bar shi ya bushe tun bai yi ƙarfi ba, kuma inda ake sayen ruwa a jarka wannan ban ruwan shi ne farkon abin da ake yankewa. Daɓen da aka yi haka yana ƙarar fanko idan ka ƙwanƙwasa shi da ƙarfe, kuma ba ya shekara ƙarƙashin ƙafafun yara.

Rufi kuwa iskar farkon damina ce alƙalinsa. Yawancin azuzuwan da na tarar a yaye, kwanon bai rabu da katako ba, katakon ne gaba ɗaya ya tashi daga kan bango, saboda ba a ɗaure shi da ƙarfe a cikin kankaren sama ba. Da an buga silin ba a ƙara ganin wannan ɗaurin. A ranar ne kuma ake duba ko katakon ya sha maganin gara, a auna kaurin kwano a gwada da abin da aka rubuta.

Hanya da kwalbati ba zan tsawaita ba. A auna kaurin kowane shimfiɗi kafin a rufe shi da na gaba, a kuma tambayi dattawan wurin inda ruwa ya kai a ambaliyar 2010, don kwalbatin da aka zana daga ofis sau da yawa ya yi wa kwarin kaɗan.

Duk wannan awon a kan satifiket ɗin biya yake ƙarewa, wato takardar da ke tabbatar da aikin da aka yi don a biya ɗan kwangila. Kashi nawa aka kammala ba da ido ake faɗa ba. Ana ɗaukar kowane layi na takardar ƙididdiga, a ga wanda aka gama, a tara kuɗinsa, a raba da jimilla. Ginin da ya kai linta yana kama da ya kusa ƙarewa, alhali rufi da ƙofofi da tagogi da daɓe da kujeru, waɗanda suka cinye babban kaso na kuɗin, duk suna gaba. Dokar sayen kaya ta tarayya ta 2007 ta taƙaita kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin 100, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30. Ko nawa aka bayar, dole a riƙa cire shi daga biyan da ke biyo baya. Da zarar kuɗin da aka biya ya wuce aikin da ke ƙasa, ɗan kwangila ba shi da sauran dalilin dawowa, kuma yawancin kangon da muke gani a bakin hanya ta haka suka samu.

Gama gini ba shi ne biyan buƙata ba, shi ya sa auna amfanin aiki ke da nasa zagayen, ba tare da sanarwa ba. A makaranta ina ƙirga kawunan yara in gwada da rajista, in ƙirga malaman da ke cikin aji in gwada da ma'aunin malami 1 ga ɗalibai 35 na firamare. Ina lura da rana: ƙidayar da aka yi ranar kasuwar Achida ko ta Illela, ko lokacin girbin gero, ba za ta nuna gaskiyar makarantun kewaye ba. A ɗakin shan magani ina buɗe firjin rigakafi in ga ko yana tsakanin digiri 2 da 8, in duba rajistar haihuwa ko akwai waɗanda aka karɓa da dare, don wannan ne ke nuna ko ma'aikaciya tana kwana a wurin. Yadda ake tambaya ma yana da tasiri. In ka ce wa tsohuwa fanfon yana aiki, za ta ce yana yi, don kunya da gudun ɓata wa hakimi. Sai dai ka ce, Inna, ruwan da kuka yi girki da shi jiya daga ina aka ɗebo? Kwamitin raya mazaɓa da na kula da makaranta da na ruwa su ne idon da ke zama bayan mun tafi, don haka ina bar musu kwafin abin da aka yi alƙawari da Hausa, da lambar da za su kira.

A wasu garuruwan gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, rashin tsaro yakan hana zuwa. A nan muna dogara da mutanen wurin su cike fom a waya ta manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox da hoto mai lambobin wuri da kwanan wata, sannan a kira mutum biyu ko uku da ba su san an kira sauran ba. Ina rubutawa ɓaro-ɓaro a rahoto cewa wannan ba ganin ido ba ne. Kuma ba a tura yaron gari ya ɗauki hoto inda hakan zai jefa shi cikin haɗari.

Rahoton kansa gajere ya fi aiki: abin da takarda ta ce, abin da aka tarar, wanda zai gyara, da ranar da za a koma. Ƙarfinsa yana ga kuɗin da ake riƙewa bayan miƙa aiki, galibi kashi 5 cikin 100 na tsawon wata 6. A nan ne kalandar Sakkwato ke shigowa. Rijiyar da aka miƙa a Satumba, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, wa'adinta zai cika a Maris, ana gab da shiga Afrilu da Mayu da ruwan ƙasa ke kai wa ƙarshen saukarsa. Ajin da aka miƙa a Nuwamba za a saki kuɗinsa a Mayu, kafin rufinsa ya gama gamuwa da iskar farkon damina. Shi ya sa nake neman a rubuta tun a takardar kwangila cewa ba za a saki kuɗin riƙo na rijiya ba sai an sake awon jarka a watan Mayu, na gini kuma sai an hau an duba rufi a ƙarshen Yuli.