Talata, tsakiyar bazara: ranar tace garke

Aikin yau tace garke ne, tun da sanyin safiya kafin rana ta buɗe. Tumaki 18 ne: 'yankasa 11, uda 5, balami 2. Ido yana ruɗin mutum, shi ya sa kowace sai an dafa gadon bayanta. In ƙashin baya ya tokari tafin hannu kamar haƙoran zarto, ta rame, sai a ware ta gefe.

Balamin nan biyu, farare fat masu gantsararren hanci, duk sun zube. Ba ciwo ba ne. Babban jiki ne yake neman haƙƙinsa, abin da zai riƙe 'yar ƙasa ba ya kai musu ko'ina. Uda, masu gaba baƙi ko ja da baya fari, dogayen ƙafafunsu ne suka cece su, suna cin kiwo mai nisa, amma zaman turke ba ya karɓarsu. 'Yankasa kuwa, masu ɗigon baƙi a ido da baki, yawancinsu bayansu a cike yake a kan kara da busasshiyar ciyawa kawai. A ganina mai ƙaramin ƙarfi da su ya kamata ya fara.

Da hantsi aka duba ido. Ana jan fatar ƙasan ido da babban yatsa: ja alamar jini ya wadata, fari kuma tsutsar ciki ce ko ciwon hanta. Uku suka nuna fari. An ɗura wa biyu maganin tsutsa albendazole gwargwadon nauyinsu, aka ƙyale ta ukun, don makonta biyu da barbara, maganin kuma yana iya lalata ɗan tayi a watan farko.

Ruwa sau biyu, a inuwa, lita 4 zuwa 5 kowace a yini, mai shayarwa fiye da haka.

Da la'asar ramammun suka samu harawa da dusa, da ɗan gishiri. An fara da tafi ɗaya na dusa, sai cikin mako guda a kai giram 300. Wanda ya zuba musu da yawa rana ɗaya, kumburin ciki da zawo zai gani.

An kuma raba ragon balami da 'yankasa biyu da ba su fitar da manyan haƙora ba. Ƙugunsu bai buɗe ba, ɗan balami kuwa kansa babba ne, yakan maƙale wurin haihuwa. Manyan an bar su da shi. Cikin tunkiya wata 5 ne, barbarar yau za ta sauka a ƙarshen damina, ciyawa na nan. Gobe sai yankan kofato.