Hoton da Bakanike ke Turowa Shagona

Ina sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma mafi yawan cinikina da makanikai nake yi, wasu a cikin gari, wasu a Haɗeja da Azare, wasu kuma a can Maraɗi da Damagaram. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, bakanike kan ciro ƙarfen da ya lalace ya ba yaronsa ya kawo, mu ɗora shi kan sabo mu gwada. Bayan wayar ta zo sai aka koma kwatance da baki, wanda ya jawo mana asara mai yawa, domin abin da mutum zai kira famfon mai na Corolla yana iya zama iri uku ko huɗu, gwargwadon shekarar da aka ƙera motar da ƙasar da aka ƙera ta domin ta.

Tura hoto ta layin waya a wancan lokaci yana da tsada, sau da yawa ma ba ya isowa, saboda haka ba mu amfana da shi ba sai da WhatsApp ya bazu. A yau, da na buɗe shago, abin da nake fara dubawa shi ne hotunan da suka shigo cikin dare: lagireto da ya tsage, fitilar gaba, shokazoba, faifan kulochi. Mutumin da bai san sunan abin da yake nema ba, hoton ya yi masa magana, ni kuma na faɗa masa farashi kafin ya kashe kuɗin mota.

Sai dai hoto ma yana ruɗarwa, kuma nan ne aikin yake. Na taɓa aika wa wani bakanike madubin gefe na dama alhali na hagu yake so, saboda ya ɗauki hoton da kyamarar gaba, wadda ta juya masa shi, aka yi kwana uku ana kai da kawowa ta tasha. Tun daga ranar na kafa ƙa'ida: duk wanda ya turo hoto, sai ya goge maiƙon da ke jikin ƙarfen ya ɗauki lambar da aka buga a kai, sannan ya turo lambar jikin motar, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda galibi ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Idan abin ƙarami ne, kamar bushin ko beri, nakan ce, "Oga, ajiye mazubin ashana kusa da shi ka sake ɗauka," domin in gane girmansa. WhatsApp kan matse hoto har ƙananan lambobi su dushe, shi ya sa nake koya wa makanikai su turo shi a matsayin fayil idan lamba ce muke son karantawa.

Ni ma hoto nake mayarwa. Nakan ɗauki kayan ta kowane gefe, musamman na hannu da ake kira Beljiyam, in nuna tabo ko tsatsa idan akwai, domin gara mutum ya fasa saye tun kayan suna shagona da ya karɓa ya ce na ɓoye masa aibi. Idan yarona ya kai kwali tasha, yakan ɗauki hoton kwalin da lambar motar da za ta tafi da shi, mu tura wa mai kaya.

Hoto ɗaya ne ba na aiki da shi, wato na shaidar biyan kuɗi. An taɓa turo mini rasit na bogi da aka gyara da kyau, na saki kaya, kuɗi ba su shigo ba har yau. Yanzu ko wanda muka shekara goma muna ciniki ya turo, nakan gode masa, in buɗe asusuna in ga kuɗin da idona, sannan in ce wa yaro ya ɗaure kwali.