Sai mun zare linzami muke cewa aiki ya ƙare

Duk shafin intanet ɗin da zai fita daga hannunmu, kafin a miƙa wa mai shi sai na zare linzamin kwamfuta na ajiye gefe. Daga nan ba ni da abokan tafiya sai maɓallan Tab da Enter da Esc na madannai. In ban zagaye shafin kaf da su ba, komai kyansa a ido, da sauran aiki.

A wajen maigidana na gaji wannan hali. Ranar da na kai masa shafina na farko ina ta washe baki, bai ce uffan ba, ya cire linzamin ya jefa aljihu. "To, shiga wurin tuntuɓa mu gani." Na danna Tab, na ƙara, na ƙara, na rasa inda nake. Ashe ni da hannuna na rubuta outline: none, na kashe zoben nan da ke nuna inda mutum ya tsaya, wai yana ɓata ado. Jerin zaɓin da ke sama kuwa ba ya sauka sai an ɗora masa linzami. Ya dube ni ya ce, "Yaro, makaho da mai rawar hannu duk ka rufe musu ƙofa." Wata guda a kan madannai kaɗai ya bar ni.

Shi ya sa a wurinmu mahaɗi na gaske muke sawa, mai href ɗinsa, wato adireshin inda zai kai ka, ba div, wato akwatin rubutu kawai, da aka yi wa kwalliya ba, wanda Tab ke tsallakewa kamar babu shi. Dannawar Tab ta farko tana fito da "tsallaka zuwa babban bayani", don kada mutum ya riƙa ratsa dogon jeri a kowane shafi. In akwatin saƙo ya buɗe, zoben ya shiga ciki, Esc ya rufe shi, ya mayar da kai daidai inda ka taso. Sannan mu kunna NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, mu saurara da kunne. In muka ji "danna nan, danna nan", sai a sake wa kowane mahaɗi sunan da ke faɗin inda zai kai ka. Ƙa'idojin WCAG muke bi, na sauƙaƙa wa masu larura amfani da shafuka, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar, har da 2.2 ta 2023, wadda ta hana wani abu ya lulluɓe wurin da zoben ya tsaya gaba ɗaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan sha yanzu magani yanzu. Su sauko da shiryayyen zane, su manna ɗan maɓalli a kusurwa, su ce wai an gyara wa masu larura, alhali lambar ciki da aka gina shafin da ita ko taɓa ta ba a yi ba. Sai ga mutum ya zo yana taya aikinmu da farashinsu, wai wane ya ce kwana biyu ya isa. Na daina musu. Wanda ya zo kwanan nan tura masa madannai na yi, na ce ya shiga tsohon shafinsa. Akwatin talla ya faɗo masa, ya danna Esc, ya danna Tab, ko motsi. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, ina linzamin?"