Ƙuri'ar York

Yau na tsaya a Station Camp, kusa da inda kogin Columbia ke faɗawa tekun Pasifik, dab da ƙarshen hanyar tunawa da ayarin bincike na sojojin Amurka da Lewis da Clark suka jagoranta, wadda ta taso daga Pittsburgh ta ratsa jihohi 16 na Amurka. Iska mai sanyi tana kaɗowa daga ruwa, sai da na soka hannuwana cikin aljihu. A nan ne ranar 24 ga Nuwamba 1805 ayarin ya zauna shawarar inda za su yi hunturu, kowa aka ji ta bakinsa. Clark ya rubuta zaɓin York, baƙar fatan da yake bawansa, a jere da na sojoji. Ya rubuta na Sacagawea ma, 'yar ƙabilar Shoshone da ke yi wa ayarin tafinta, ita wurin da saiwar ci ta wadata take so.

York ne ya tsaya mini a rai. Ya yi farauta, ya sha yunwa da ruwan sama tare da su. Da aka koma gida a 1806, sojojin suka samu ninkin albashi da filin eka 320 kowannensu, shi ko anini. Ya roƙi 'yancinsa don ya zauna kusa da matarsa a Louisville, Clark ya ƙi. Wallahi abin ya yi mini ciwo, mutumin da aka nemi shawararsa a bakin teku aka hana shi mallakar kansa a gida.