Man da ban ba shi hanyar komawa ba

Ina cikin shekarata ta uku a garejin gyaran injinan gona maigidana ya sakar mini wani aiki ni kaɗai: in haɗa wa wata tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135 layin man lodar gaba, wato hannuwa da bokitin ɗibar kaya da ake ɗaurawa a gaban tarakta. An riga an ɗaura ƙarafan, silinda huɗu suna wurinsu, biyu na ɗaga hannuwa, biyu na juya bokiti. Saura tiyo da bawul. A lissafina aikin yini guda ne. Sai da ya ci mini mako biyu da galan-galan na mai.

Irin wannan tarakta, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, famfonta na ciki ne, yana zaune tsundum a cikin man giya. An yi shi ne don ɗaga garma a baya, kuma abin da yake turowa bai kai lita 20 a minti ɗaya ba. Da shi na fara, saboda shi ne mafi sauƙi. Loda ta ɗaga kuwa, amma kamar hawainiya. Na ɗauka ƙarfi ne ya yi kaɗan, har na ɗauko sifana zan ƙara wa bawul ɗin kariya matsi, wato bawul ɗin da ke buɗewa ya saki mai idan matsi ya yi yawa. Maigida ya karɓe sifanar, ya miƙo mini alli, ya ce in yi lissafi a ƙasa. Silinda mai faɗin milimita 60 da tafiyar santimita 50 tana shan kusan lita 1.4, biyu ke nan lita 2.8. Idan famfo na ba da lita 15 a minti, sai ka jira daƙiƙa 11 kafin hannuwan su kai sama, shi ma idan inji na gudu sosai. Ƙarfi kuwa ba shi ne matsalar ba: a matsin bar 150 (bar ma'aunin matsi ne), kowace silinda tana tura fiye da tan 4. Matsi ke ba da ƙarfi, yawan man da ke gudana ke ba da sauri. Na sha jin wannan magana a baki, amma sai ranar da na durƙusa da alli ta shige ni.

Ga kuma wani cikas. Kulocin taraktar hawa biyu ne, idan ka taka shi har ƙasa famfon ciki ya tsaya. Mai aikin loda kuwa ƙafarsa ba ta rabuwa da kuloci. Don haka muka yanke shawarar ɗaura famfo na daban a gaba, wanda karanshaf zai riƙa juyawa kai tsaye, da tankinsa na kansa.

A nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa.

Mai taraktar ya nemi a ƙara masa bawul na biyu don tirelar juye kaya. Na duba bawul ɗin loda, ga ƙofar da aka rubuta wa P inda mai ke shiga, ga T inda yake fita. Na ce ai abin a fili yake: man da ya fito ta T sai in kai shi P na bawul na biyu, daga can ya wuce tanki. Na ɗaure, na tayar da inji, loda ta yi aiki lafiya lau. Har na fara wanke hannu. Da aka jona tirela mai kaya aka ja liba, sai mai ya yi tsartuwa ta gindin libobin bawul ɗin loda, ya wanke mini riga.

Maigida bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi: "Kai yaro, idan bawul ɗin kariya ya buɗe, ina man zai je?" Na ce, "Tanki, Oga." Ya ce, "Nuna mini hanyar da yatsa." Na bi tiyo da yatsa, na tarar hanyar ta bi ta cikin bawul na biyu, wanda a lokacin yake fama da nauyin tirela. Wato na toshe wa mai ƙofar gudu. Ɓangaren T na bawul ba a yi shi don ɗaukar matsi mai yawa ba. Robobin da ke tare mai a bakin libobi a wannan ɓangaren suke, kuma nan bawul ɗin kariya ke zubar da rara. Na ci sa'a roba ce ta fashe, wani lokacin jikin bawul ɗin ne ke tsagewa. Yadda ake yi shi ne a sa wani ɗan toshi na musamman a wata ƙofa ta uku, wadda ake rubuta wa PB ko N. Shi ke raba man da zai wuce gaba da matsinsa, da man da ya gama aiki. Sai tiyo ya zama uku: na shiga, na wucewa gaba, da na komawa tanki kai tsaye ba tare da komai ya tare shi ba.

Daga nan na fara tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko, wato wane irin tsari ne a gabana. A buɗaɗɗen tsari, famfo ba ya daina turo mai, idan liba na tsakiya man ya ratsa bawul ya koma tanki. Yawancin tsofaffin taraktoci haka suke. Amma kamfanin John Deere tun 1960, da taraktoci irin su 4010, rufaffen tsari suka kama: man na tsaye da matsinsa, famfo ne ke rage turowa idan ba a buƙata. Ka sa bawul ɗin buɗaɗɗe a rufaffen tsari, mai ya yi ta zuba a tanki, ya yi zafi, sauran sassa su rasa matsi. Ka yi akasin haka, famfo ya yi ta tura mai a bango, bawul ɗin kariya na kuka har mai ya dahu. Kuma a ido bawul ɗin biyu kamar tagwaye suke.

Layin tsotso ma ya ɗan ba ni wahala. Na sa masa tiyo daidai da na matsi don shi na samu a kusa, famfo ya dinga ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, mai ya yi kumfa. Na canza shi da mai faɗi, gajere, mai waya a ciki don kada ya motse, ƙarar ta ɗauke. Batun zaren mahaɗi kuwa, nau'o'in zare biyu da ake kira BSP da NPT suna kama juna zagaye biyu ko uku su yaudare ka, alhali kusurwar zaren ɗaya digiri 55 ce, ɗayan 60. Wani nau'in mahaɗi da ake kira JIC kuma, a bakinsa mai digiri 37 yake tare mai, naɗa masa farin tef a zare aikin banza ne, ƙarshenta ma guntun tef ɗin ya shiga ya maƙale a bawul.

Abu ɗaya ne maigida ya taɓa ɗaga mini murya a kai. Ya gan ni ina shafa tiyo da hannu ina neman inda yake yoyo, inji na aiki. Ya fizge ni, ya ce da kwali ake nema. Man da ke fita ta ƙaramar huda da irin wannan matsi yana iya ratsa fata, a waje ka ga ɗan tabo kamar na allura, a ciki kuwa nama na lalacewa, sai an yi tiyata cikin gaggawa.

Ranar da muka gama, na cika bokiti da yashi na ɗaga, cikin daƙiƙa biyar ya kai sama, babu ɗigo ko ɗaya. Sai na ji tayoyin baya sun yi sakayau, sitiyari kuma ya yi tauri kamar an kulle shi. Maigida ya nuna mini wata tsohuwar ganga a bayan gareji, ya ce in je in kwaɓa kankare in cika ta, gobe mu rataya ta a bayan taraktar.