Laraba da dare, da amin ɗin da na yi wa Baba

Sha ɗaya ta wuce, gida ya yi tsit, ni barci ya ƙi zuwa.

Lafiya lau aka tashi. Koko da ƙosai, Auta ya makara kamar kullum, Umma ta tafi barka Tudun Wada. Wajen hantsi kofin shayi ya suɓuce wa Baba, na biyu ke nan a makon nan. Bai ce uffan ba, ya dai zuba wa hannun ido yana rawa a kan cinyarsa.

Don in ɗauke masa hankali na jawo akwatin faya-fayan nan da Yaya ke ta cewa a zubar. Garmahon ya daɗe da lalacewa, to sai in ɗaga faifai, in ya gyaɗa kai in nemo kiɗan a waya. Ina ɗago Valentyne Suite na 1969 ya ce, "Colosseum! Sa mana wannan, Mamana."

Kun san yadda magana ta yi wa Baba nauyi tun da ciwon nan ya matsa. Yau kam kamar an kunce shi. Ya ce da idonsa ya ga wannan ƙungiyar makaɗa ta Colosseum a Jami'ar Manchester cikin Maris na 1971, yana ɗalibi, kuma a can aka naɗi wani ɓangare na faifansu Colosseum Live. Mai ganga Jon Hiseman ne uban tafiya, shi da Dick Heckstall-Smith suka kafa ƙungiyar a 1968 bayan sun baro ƙungiyar mawaƙin blues John Mayall. 'Yan jazz ne su biyun, in ji Baba, suka ɗauko blues suka ba shi ƙarfin rock, kiɗa ɗaya sai ya ci minti goma sha biyar ba wanda ya ƙosa. Heckstall-Smith kan kafa saksofon biyu a baki ya busa su tare. Baba algaitar Turawa yake ce mata. Ya ɗaga hannu biyu zai kwatanta mini, na daman ya ƙi tsayawa, ya mayar da shi ƙasa.

"Shekara uku suka yi suka watse. Ban ƙara jin ɗuriyarsu ba."

Sai na duba masa. Sun sake haɗuwa a 1994, sun yi ta wasa, musamman a Jamus. Mai algaitar ya rasu a 2004, matar Hiseman, Barbara Thompson, ta karɓi gurbinsa. Nan bakina ya tsaya.

"Ci gaba mana."

Na ce tun 1997 likitoci suka gano tana da Parkinson, ciwon nan mai sa rawar jiki.

"Irin nawa?"

"Irin naku, Baba."

"Kuma da shi take busa?"

Na ce da shi. Har a faifansu na 2014 ita ce ta busa, shekara 17 bayan an gano ciwon. Ya daɗe bai yi magana ba, gangar Hiseman na ta tashi daga wayar. Can ya ce, "Mijin ya riƙe ta ke nan. Allah ya bar su tare."

Na ce amin.

Wannan amin ɗin ce ta hana ni barci. Ina faɗinta idona na kan layin da ke ƙasa: Hiseman ya rasu a Yunin 2018, ita kuma a Yulin 2022. Mijin da ke jinyarta ne ya riga tafiya, ya bar ta shekara huɗu. Na kife wayar. Na san ba Turawan nan kaɗai Baba ke wa addu'a ba. Umma ce ke ɓalle masa maɓallin riga, ita ke ƙirga masa ƙwayoyi, ga ta da hawan jini. Ta ina zan fara?

Amma Baba bai taɓa ɓoye mana mutuwa ba, ko ta wa ce. Shi ya zaunar da mu ranar da Gwaggo ta rasu. Yau ni ce na ga kamar ba zai iya ɗauka ba, kuma ban tambaye shi ba.

Da daddare ya ƙi a ba shi tuwo a baki. Da hannunsa ya ci, rabi ya zube a tabarma, Umma ta yi kamar ba ta gani ba.

Yaya ya kira, bai ce komai a kan kuɗin magani ba. An ɗauke wuta tun isha. Gobe asibiti ƙarfe takwas.

Da zan ja masa ƙofa ya ce in mun dawo in nemo masa faifan 2014 ɗin, yana son jin busar matar. Ya kuma ce in duba ko har yanzu suna Landan.