Bututun jan ƙarfe da sanyin Jos

Abin da ya fi ba ni wahala tun da na fara dafa giya a gida ba dahuwar ba ce, hucewar ce. Ka tafasa ruwan tsiro awa guda cur, sannan dole ka sauko da shi daga kusan digiri 100 zuwa wajen 20 kafin ka zuba yis, in ka zuba da zafi yis ya mutu, in kuma ka bar shi ya kwana yana hucewa ƙwayoyin cuta su riga ka shiga, da safe ka tarar da tsami. Da ƙanƙara nake yi a baho, to ina wutar da za ta daskarar da ita?

Shi ne na je wajen masu kayan firij da AC na sayi bututun jan ƙarfe, wanda su suke ce wa kofa, mita 15. Na naɗe shi a jikin bokitin fenti zagaye zagaye kamar gammo, a hankali fa, don wuri ɗaya na yi gaggawa ya lanƙwashe ya toshe sai da na yanke. Tiyo a baki ɗaya, tiyo a ɗayan. Saura minti 15 in sauke nake tsoma shi cikin tukunya don tafasar ta kashe duk abin da ke jikinsa, in na kashe wuta sai in sake ruwa. Ruwa na shiga da sanyi yana fita da zafin da zai ƙona hannu, jan ƙarfe kam gwani ne wajen jan zafi.

Amma ga abin da na gane, bututun ba ya iya sauko da tukunya ƙasa da sanyin ruwan da ka ba shi. Nan Jos ta yi mana rana. A Disamba ruwan da ya kwana a tanki a Rayfield haƙori ba ya ɗauka, lita 20 ta huce kafin in gama wanke kaya, musamman in ina ɗan jujjuya bututun. A Maris kuwa sai ya cije ya ƙi sauka, 'yan Abuja sai dai mu ce sannu.

Ruwan da ke fita a jarka nake tara shi mu yi wanki, ba a zubar da ruwa a garin nan. Kuma in na gama in wanke bututun in shanya, in ya yi kore-koren nan ruwan lemun tsami da gishiri ke fidda shi, guba ce, kar ta shiga tukunya.

Maƙwabciyarmu mai burukutu ta leƙo ranar nan ta ga tiyo ko'ina, ta riƙe haɓa ta ce "ɗana, giya kake dafawa ko gyaran mota?" Na ce Mama ai sanyaya ta nake. Ta ce ita dai faffaɗan baho da ƙwarya sun ishe ta. Tana cikin magana tiyon ya kwance ya watsa min ruwan zafi a ƙafa, washegari na je na sayo kilif biyu na ɗaure.